Abin da Ɗan Azumi Ya Ɓoye

SHAFI NA 23

Na ga saƙonninku, jama'a. Masu cewa na bar Ɗan Azumi kwance na tafi yawona, ku yi mini afuwa, kuran, wato wutar lantarki, aka ɗauke mana kwana biyu, waya ta mutu murus. Wadda ta tambayi sunan ciwon, shi ne wanda likitoci ke kira dajin hanji a yau. Ku dai tuna Madarumfa muke ta zamanin da Nasara bai iso ba, babu likita babu allura. Jummai ce ke ba da labarin da bakinta, bayan ta tsufa.

*

Talata ce. Ban manta ba, don ranar na fara jin ƙanshin sabon gero a wannan shekarar, wani na gasa tumu a maƙwabta.

Ƙanena Ɗan Azumi ya kwana arba'in a kwance.

Ya haura shekara talatin a lokacin, har furfura ta fara leƙo masa a gemu, amma hankalinsa ya tsaya a na ɗan shekara bakwai. Haka Allah ya halicce shi. Bai iya ƙirga abin da ya wuce yatsunsa ba, mazagin wando ma sai an ɗaure masa. Amma komar da masunta uku ke ja a tafki, shi kaɗai yake janta yana dariya.

Tafkin wancan zamani ba irin na yanzu ba ne, 'ya'yana. Ruwa har gindin kukoki, bado ya rufe gefe fari ƙal. Muna yara nakan goya shi in kai shi can, in zaunar da shi a rairayi in shiga tsinko bado. In na juyo sai in tarar ya cika bakinsa da ƙasa yana yi mini murmushi. Inna ta yi ta faɗa. Kashegari mu koma.

Da mijina ya rasu a garin Sarkin Yamma na dawo gida, sai Ɗan Azumi ya koma hannuna kamar ban taɓa tafiya ba.

Da safiyar nan ina dama kunu na ji muryarsa daga ɗaki.

"Yaya."

"Na'am, Ɗan Azumi."

"Ta farka."

"Babba ko ƙarama?"

"Ƙarama. Juyi kawai take."

Haka muke yi. Bai iya cewa ga inda ke masa ciwo ba, in na matsa da tambaya sai ya rikice ya fara kuka. Shi ya ce mini tarwaɗa ce ta shiga cikinsa. Sai na kama wannan. In ya ce ƙarama, na san zai iya shan kunu. In ya ce babba, sai in ajiye komai in zauna in riƙe masa hannu har ta lafa.

Na shiga da ruwan ɗumi. Na ɗaga shi na jingina da bango, na kwashe rairayin da ke ƙarƙashin tabarma na zuba sabo. Na leƙa kaskon da yake zagayawa a ciki. Jini ne dai, baƙi, kamar jiya. Na rufe da toka tun bai gani ba.

Ina goge masa jiki hannuna ya bi ta kan kumburin, can ƙasan cibiya ta hagu. Tauri kamar goriba. Ya fi na makon jiya.

Mutumin da ke ɗaukar buhun gero biyu, yanzu ni mace nake juya shi da hannu ɗaya.

"Buɗe baki. Wannan ludayin na Baba ne."

Ya sha.

"Wannan na Gwaggo Inde."

Ya sha rabi, ya kau da kai.

"Wannan na waye?" in ji shi.

"Na belbelar nan mai ƙafa ɗaya da kake zagi."

Ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya shanye.

A daidai nan na ji kukan jaki a tsakar gida.

Yayanmu Shu'aibu ne, babba a gidan tun rasuwar Baba. Bafatake ne, rabin rayuwarsa a hanya ya yi ta, bai iya zama ya zuba wa abu ido ba. Na fito na same shi yana gyara wa jaki akumari, ya shimfiɗa bargo a kai.

"Ina kwana, Yaya."

"Lafiya lau. Haɗa masa kayansa, Jummai. Ina so mu kama hanyar Gabi kafin rana ta yi zafi."

Na sassauta murya, na ja shi nesa da ƙofar ɗakin.

"Gabi kuma?"

"Wurin Tanko mai magani. Na aika masa, ya ce a kawo shi."

"Me zai yi masa?"

"Abin da ake yi wa kumburi."

"Sakiya kenan. Ya gasa kibiya a wuta ya soka masa a ciki."

"Ya fasa, mugun ruwan ya fita, ya warke. An yi wa wasu sun tashi."

"Na maruru ne aka yi wa, Yaya. Wannan a can ciki yake. Na taɓa shi da hannuna, kai ba ka taɓa ba."

Ya ɗaure fuska.

"Kwana arba'in kina ɗura masa sabara da rubutu. Me ya ƙaru?"

"Jiya ya samu barci."

"Barci nake nema masa ko rai?"



"Ke ba kya fita," in ji shi. "Ni nake zama a ƙofar masallaci. Ni ake kallo ana cewa ƙanensa na ruɓewa a ɗaki, shi yana yawo da babbar riga."

"To mutane za ka yi wa magani ko shi?"

"Jummai!"

"Ka tambaye shi?"

"Wa?"

"Mai cikin."

Ya yi wata gajeriyar dariya.

"Ɗan Azumi zan tambaya? Me ya sani? Wanda in ka ba shi dutse mai sheƙi zai ba ka akuya?"

"Ya san zafi."

"Jariri ma ya san zafi, ba a shawara da shi. Matsa."

Ya wuce ni ya shiga ɗakin. Na bi shi. Na ga ya tsaya cak a bakin ƙofa, don ya kwana biyu bai shigo ba, bai san ramar ta kai haka ba. Sai ya daure, ya saki fuska.

"Sarkin ruwa! Kwance har yanzu?"

"Yaya Babba!" Ɗan Azumi ya washe baki. "Ka kawo mini goro?"

"Abin da ya fi goro. Jaki za ka hau yau. Tafiya za mu yi, ni da kai."

"Ina?"

"Gabi."

Ban taɓa ganin fuska ta sauya haka ba.

Ya ja da baya har ƙeyarsa ta bugi bango. Ya rufe cikinsa da hannu biyu. Wannan mutum da ko ludayi bai iya ɗagawa, ya kurma ihun da ya tashi kajin gida.

"Ban da kibiya! Ban da kibiya! Yaya, ki ce masa ban da kibiya!"

Na faɗa kansa na rungume shi.

Shu'aibu ya juyo kaina da jajayen idanu.

"Ke kika tsorata shi."

"Wallahi ban taɓa ambata masa ba."

"To a ina ya ji?"

Ni ma abin da nake tambayar kaina kenan. Maganar sakiya a can nesa muka yi ta, ƙasa-ƙasa. Kuma a sanina Ɗan Azumi bai taɓa taka Gabi ba tunda aka haife shi.

"Ko yana so ko ba ya so, za a je," in ji Shu'aibu. "Gobe shi zai gode mini."

Ya sunkuya ya zura hannu ƙarƙashin ƙafafunsa. Ɗan Azumi ya ƙanƙame zanena yana kiran sunan Inna.

"Shu'aibu, sauke shi."

Gwaggo Inde ce tsaye a ƙofa, dogare da sandarta. Yayar babanmu ce. Ta tsufa ƙwarai, idonta ɗaya ya rufe, kullum tana ɗakinta tana kaɗin auduga. Ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, ranar ma ba ta ɗaga ba.

"Gwaggo, ki bar ni in..."

"Na ce sauke shi."

Ya sauke shi.

"Ku biyo ni, ku biyu."

Na lulluɓe Ɗan Azumi da zane, na ce masa yanzu zan dawo. Muka bi ta har bayan rumbu, inda inuwar tsamiya ke sauka. Nan Inna ke zama tana tsefe mini kai ina ƙarama. Gwaggo ta zauna a kan turmin da aka kifa, mu muka tsuguna.

Ta daɗe tana murza kan sandarta.

"Me aka ce muku ya kashe uwarku?"

Muka dubi juna.

"Masassara," in ji Shu'aibu. "Ta kwana bakwai."

"Haka aka aiko mini ni ma," na ce.

"Ba masassara ba ce. Kuma ba kwana bakwai ba ne. Wata biyar ta yi."



"Damina goma sha biyar kenan. Kai kana Gwanja da ayarin goro, shekara biyu ba labarinka. Ke kina Sarkin Yamma da cikin Binta, bayan biyu sun zube miki. Uwarku ta fara ganin jini. Sai rama. Sai kumburi a nan." Ta dafa ƙasan cibiyarta ta hagu. "Daji ne. Irin wanga da ke ɗakin can, sak."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Ita ta hana a aika miki. Ta ce in Jummai ta ji za ta taho da ƙafa, wannan cikin ma ya bi sauran."

Hawaye suka zubo mini. Na tuna yadda nake goyon Binta ina jin haushin Inna ta tafi ba ta gan ta ba.

"To wa ya yi jinyarta?" in ji Shu'aibu. "Ke?"

"Ni ina gidan mijina a lokacin, shi ma yana kwance. Sai bayan kwana uku-uku nake leƙowa. Matan unguwa sun yi wata ɗaya suna zuwa, da wari ya fara sai ƙafa ta ɗauke. Aka ce ana ɗauka. Babanku kuwa, Allah ya jiƙansa, in ya kai ƙofar ɗakin sai ya juya. Zuciyarsa ba ta iya ba."

"To wa?"

Ta juya idonta mai gani wajen ɗakin Ɗan Azumi.

"A'a," in ji Shu'aibu.

"Shi."

"Gwaggo, yaron da bai iya ɗaure wandonsa ba?"

"Shi ke fita da kaskonta tun kafin mata su fito ɗebo ruwa. Shi ke kai zannuwanta can ƙarshen tafki inda ba kowa, ya wanke ya shanya a kan ciyawa, ya zauna gadi har su bushe. Tana kwance take koya masa dama kunu. Ya ƙona hannu ya fi sau goma, har ya iya. In ta ɓata jikinta shi ke goge ta, yana yi mata waƙar da take yi masa yana yaro. Na shigo na gani da idona, lokacin duka biyun suna gani."

Na toshe bakina da gefen zane.

"A wata na biyar babanku ya ce a kai ta Gabi. Jaki na jijjiga ta tana suma, sai Ɗan Azumi ya goya ta. Tun daga nan har can a bayansa ta je."

Shu'aibu ya sunkuyar da kai.

"Tankon nan ne, yana da sauran ƙuruciya. Ba mugu ba ne, abin da ya gada ya yi. Ya sa kibiya a wuta. Ya ce a danne ta. Maza biyu suka kama hannuwa, ƙafafu suka gagara, ya duba ya ce ga ƙaƙƙarfa nan, ya riƙe."

"Kada ki ƙarasa, Gwaggo," na ce.

"Sai na ƙarasa. Shi ya riƙe ƙafafun uwarsa aka soka mata. Tana ihu tana kiran sunansa, yana kuka yana cewa yi haƙuri Inna, an ce za ki warke. Ba ruwan da ya fito. Jini ne kawai. Ya goyo ta ya dawo da ita. Kwana uku ta yi ba ta runtsa ba, ta cika."

Tsamiya ta yi ta zubo mana ganye.

Sai abubuwa suka riƙa dawo mini ɗaya bayan ɗaya.

Ranar da na iso gaisuwa, na tarar da shi zaune a bakin ɗakin Inna, bai yi kuka ba, bai ce mini komai ba. Mata suna cewa, bawan Allah, bai ma san an yi mutuwa ba. Ni ma na yarda. Har na ce masa ya tashi ya ba baƙi wuri.

Da kuma ranar da na gano ciwonsa, bayan ya yanke jiki ya faɗi a gona. Na je neman kayansa na samu wandunansa biyu a cusa cikin ciyawa a ƙarshen tafki, duk jini. Tun kafin shuka yake ɓoyewa. Na yi masa faɗa, na ce wautarsa ce za ta kashe shi.

Ashe ya gane abin da ya gani. Mu ne ba mu gane ba.

"Me ya sa aka ɓoye mana bayan ta rasu?" in ji Shu'aibu.

"Babanku ya ce in aka ji daji ya ci mutum a gidan nan, ba mai neman 'ya'yanku. Ya sa na dafa Alƙur'ani. Yaron kuma uwarsa ce ta ce masa kada ya faɗa. Shekara goma sha biyar, ka taɓa ji daga bakinsa?"

"Ban taɓa ba."

"Ni mai hankalin na karya tawa rantsuwar yau. Zan yi kaffara. Shi bai karya tasa ba."

Ta miƙe da ƙyar.

"Jakinka na nan, Shu'aibu. Kai ne babba. Na faɗi abin da na sani."

Ta tafi tana dogara sanda.

Shu'aibu ya zauna daɓas a ƙasa, da babbar rigarsa da komai. Tunda nake ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar jana'izar Baba, sai yau.

"Da na dawo daga Gwanja," in ji shi, "na kawo wa kowa tsaraba. Shi na manta da shi. Na ciro goro ɗaya daga aljihu na jefa masa. Ya yi ta tsalle."

"Tashi, Yaya. Mun bar shi shi kaɗai."

Muka koma.

Tun daga ƙofa na san abin da ya faru. Tsoro ya sa ya ɓata shimfiɗa. Ya ja zane ya rufe har kansa, ya juya fuska bango.

"Ɗan Azumi."

"Kada ki shigo. Na yi laifi."

"Ba laifi ba ne."

"Yaya Babba zai yi faɗa."

Na ɗauko ƙwaryar ruwa. Kafin in tsuguna, hannu ya karɓe ta daga nawa. Shu'aibu ya tuɓe rigarsa ya rataye a ƙofa, ya durƙusa.

"Nuna mini yadda ake yi," ya ce da ni.

Na nuna masa. Yana zubar da ruwa, yana goge inda bai kamata ba. Ɗan Azumi ya leƙo daga cikin zane yana kallonsa kamar ya ga baƙo.

"Ba haka ba, Yaya Babba. Daga sama ake farawa."

"To. Daga sama."

Da muka gama muka kwantar da shi a sabuwar tabarma. Shu'aibu ya zauna kusa da kansa.

"Ɗan Azumi, zan tambaye ka."

"To."

"Kana son zuwa Gabi?"

"A'a."

"To ba za a je ba."

"Ko gobe?"

"Ko gobe. Ko jibi. Ba mai taɓa ka da kibiya ina da rai."

Ya saki wani dogon numfashi. Ya daɗe yana kallon jinkar ɗaki. Sannan ya juyo gare ni.

"Gwaggo ta faɗa ko?"

"Ta faɗa."

"Ba ni na faɗa ba."

"Ba kai ba ne."

"Inna ba za ta yi fushi da ni ba?"

"Inna albarka take sa maka."

Ya gyaɗa kai. Ya kama ɗan yatsana kamar yadda yake yi yana goye.

"Yaya, irin na Inna ne ko?"

Kwana arba'in ina ce masa basir ne, zai wuce, da kaka zai tashi. Na dubi Shu'aibu. Ya girgiza mini kai a hankali, wai kada in faɗa.

Na dubi ƙanena. Idonsa na kaina, ba tsoro a ciki, jira kawai yake.

"Irin nata ne."

"Na sani," in ji shi. "Warin ɗaya ne."

"To me ya sa ka ɓoye mini, Ɗan Azumi? Me ya sa ka bari har ka faɗi a gona?"

"Ke kuka gare ki. Da akuyarki ta mutu kin kwana biyu kina yi."

Na yi dariya, hawaye na zubo mini.

"Ga shi kin fara," ya ce. "Bari. Saurara in gaya miki."

"Ina ji."

"In ya yi tsanani, ki juya ni ta nan." Ya nuna damansa. "Ki sa tsumma tsakanin gwiwa. Inna ta ce ya fi daɗi."

"To."

"Wata rana kunu zai ƙi shiga. Kada ki matsa. Ni na matsa mata ta yi amai. Ki jiƙa auduga ki ɗiga a baki kaɗan-kaɗan."

"To."

"Gadon baya yana ƙuna, ki shafa man shanu. Kuma kada ki rufe ƙofa. Ba daɗi a rufe ƙofa."

Shu'aibu ya juya fuskarsa bango, kafaɗunsa na motsi.

"Kada ki ji tsoro, Yaya. Ba wuya. Ni ma na iya."

Shekaruna yanzu sun fi na Gwaggo Inde a wancan lokaci. Na yi jinyar mutane da yawa a garin nan, har ana aikowa a kira ni daga ƙauyuka. Duk abin da na iya, a wannan hantsin na koye shi, daga bakin wanda ake cewa bai san komai ba.

Na gyara masa matashi. Na ɗauka ya gaji zai yi barci, don idonsa ya fara lumshewa. Shu'aibu ya miƙe zai je ya sauke wa jaki akumari.

Sai Ɗan Azumi ya buɗe ido tar.

"Yaya."

"Na'am."

"Tunda kin sani, yanzu zan iya ba ki saƙon."

"Wane saƙo?"

"Na Inna. Ranar da za ta tafi ta ba ni. Ta sa na maimaita sau da yawa har ya zauna. Kullum in na tashi sai na faɗa a zuciyata don kada ya gudu."



"Shekara goma sha biyar kana riƙe da saƙon Inna?"

"Ta ce sai ranar da kika san ciwonta. Ba ki sani ba sai yau."

Shu'aibu ya dawo daga bakin ƙofa da sauri, ya durƙusa gefena.

"Faɗi, ƙanena. Muna ji. Me Inna ta ce?"

Ɗan Azumi ya dube shi. Ya dube ni. Ya ja zane ya rufe bakinsa, sai idanu.

"Ta ce ban da gaban Yaya Babba."